Bayan Sadakar Arba'in, Wa Ke Tunawa Da Marayu?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in gaya wa 'yan'uwa masu karatu wata magana da ta daɗe tana ci mini rai.

Ni mutumin cikin birnin Kano ne, kuma duk wanda ke garin nan a shekarar 2014 ba ya bukatar a tuna masa da ran Jumma'a 28 ga watan Nuwamba. Jama'a sun cika Babban Masallaci, sahu ya fito har fili, kusa da gidan Sarki. Ana shirin tayar da salla sai bam ya tashi, wani ya biyo baya, sa'an nan 'yan bindiga suka buɗe wa masu gudu wuta. Fiye da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya, ɗaruruwa suka ji rauni. Aka ɗora wa 'yan Boko Haram alhakin abin. Ba wannan ne farkon jinin da aka zubar mana ba, don ran 20 ga Janairu 2012 an kashe aƙalla mutum 185 cikin yini guda. Sai dai na 2012 ofisoshin hukuma aka nufa. Wannan kuwa ɗakin Allah ne, inda mutum ke tuɓe takalminsa ya shiga da natsuwa.

Abin da ba ya fita daga idona shi ne takalman nan. Ga su tuli a harabar masallaci, manya da ƙanana, masu su ba su dawo sun ɗauka ba. A unguwarmu, daren nan ba gidan da aka ɗora tukunya. Mata na tsaye a zaure suna tambayar duk wanda ya wuce, maza na yawo daga Asibitin Murtala zuwa na Nassarawa suna buɗe mayafi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sami nasa da rai ma kunyar yin murna yake, saboda maƙwabcinsa bai samu ba.

Lalle mutanen Kano sun yi abin yabo a ranakun nan. Samari sun ba da jininsu ga waɗanda ba su taɓa sani ba. Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, yana ƙasar Saudiyya abin ya faru, ya dawo, kashegari ya tafi masallacin da kansa. Jama'a kuma ba su ƙaurace wa sahu ba.

To, amma ga inda maganata take. Zaman makoki yana da iyaka. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, aka naɗe tabarmi, kowa ya koma kasuwarsa. A ran nan ne makokin masu gida ya soma. Ina da maƙwabci, tela ne, ya tafi masallaci bai dawo ba, ya bar mata da 'ya'ya biyar. Kafin matar ta fita takaba, watau wata 4 da kwana 10, hatsin da masu ta'aziyya suka kawo ya ƙare. Kafin shekara ta zago an sayar da keken ɗinki. Babban ɗan ya bar makaranta ya shiga dako. Ba wanda ya yi musu mugunta a cikinmu, kowa dai ya zaci wani ne ke kula da su. Ai an ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, amma maraya mai kunya, wanda ba ya kuka a bainar jama'a, sai yunwa ta gama da shi ba a sani ba.

Har wa yau akwai waɗanda suka tsira da rai amma ba su tsira da lafiya ba: mai ƙarfe a jiki, da wanda kunnensa ya toshe, da wanda in tayar mota ta fashe sai jikinsa ya ɗauki rawa. Su ba a yi musu zaman makoki ba, balle a lissafa su.

Saboda haka ga shawarata, ba ga Kano kaɗai ba, har duk garin da irin wannan masifa ta auka wa. Kada a tashi daga sadakar arba'in sai mai unguwa da liman da dattawa sun rubuta sunan kowane maraya da kowane mai rauni. A ɗora kowane gida a wuyan wani mutum sananne, wanda za a tambaya in yaro ya bar makaranta. Attajirai kuma su raba abin da suka yi niyya wata-wata, kada su zube shi rana guda. Wanda ya tayar da bam ya yi nufin ya rushe gidaje ne, in muka bar su suka rushe, mun cika masa aikinsa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba mu zaman lafiya, amin. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Mai Karatu, Birnin Kano.