Wace Dabba Ce? In Ba Ka Sani Ba, Ba Ni Gari

'Yan uwana ɗalibai, ga tambaya: tsuntsu ne amma ba ya tashi, kuma yatsu biyu kacal gare shi a kowace ƙafa. Wanda ya ce jimina ya ci. To wace dabba ce ke fita da dare, ta fasa suri, ta lashe gara da dogon harshe? Nan ne da yawanmu za mu fara sosa ƙeya. Sunanta dabgi.

Wannan canki-canka muke yi da ƙannena da yaran maƙwabta a Ƙofar Marke duk hutun ƙarshen mako, musamman in an ɗauke wuta. Ƙa'idar irin ta kacici-kacici ce: wanda ya kasa sai ya ba da gari. An sha ba ni Illela da Argungu, har da Kwanni. Sharaɗi guda na ƙara, shi ne amsa sai da Hausa.

Sharaɗin nan ne ya tona mana asiri. Yaron da ya san zaki da damisa daga bidiyon waya, in na ce gwanki ko mariri ko yanyawa, sai ya ce, "Yaya, mi kac ce? Wanga kuma wane yare na?" Ko a ajinmu na gwada. Kowa ya taɓa jin man ayu a bakin masu magani, amma kaɗan ne suka san ayu dabbar ruwa ce mai shayarwa, mai cin ciyawa, da ke zaune a kogunan Neja da Binuwai. Mun riƙe sunan abin sayarwa, mun manta da mai rai.

Tambayar da na fi so ita ce: wuyansa ya kai tsawon mutum, amma ƙasusuwan wuyan bakwai ne kamar namu. Da an ce raƙumin dawa sai in ƙara da cewa, a ina yake? Kusan kowa Kenya yake cewa. Alhali garken da ya rage na irin na Afirka ta Yamma yana nan maƙwabtanmu, a Kure ta Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A 1996 guda 49 kawai suka rage, saboda farauta da fari da sarar daji. Da hukuma da mutanen ƙauyukan suka haɗa kai wajen kare su, sai suka haura 600. A 2018 har aka ɗebi takwas aka kai gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi.

Abin da ke damuna shi ne, dabba sau biyu take ɓacewa: ta ɓace a daji, sannan ta ɓace a baki. Kakanninmu ba su je gidan zu na Audu Bako da ke Kano ba, ba su je Yankari ba, amma sun san gauraka da kukanta a fadama. Mu kuwa in ba a hoto ba, wa ya taɓa ganinta? Wanda bai san sunan abu ba, yaushe zai lura da rashinsa, balle ya tambayi ina ya tafi?

Don haka ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su sa gasar wannan wasa a makon ɗalibai, sashe da sashe. Ba ta cin ko sisi. Kafin nan, kowa in ya je gida ya zauna da tsoho guda, ya rubuto sunayen namun daji goma da ba mu ji yanzu.

Ga ta tafiya: wace ce ke ɗaukar ciki wata 22? In ka kasa, Bodinga nake so.