Yaƙin Ƙofar Kabuga a wani shago na Bata

Da hantsi muka taso daga Zariya, ni da ɗan yayata, a motar haya mai zuwa Unguwa Uku. Kusan hanyar ke nan da Kanar Morland ya biyo da sojojin Turawa a ƙarshen Janairun 1903, sai dai su sun tsaya sun fasa Bebeji, mu kuwa muka wuce Kwanar Dangora da Kura direba bai ko taka burki ba. Daga tasha muka hau adaidaita sahu zuwa Bata, inda Fagge ta haɗa kafaɗa da Sabon Gari. Nan tafiya ta koma ta ƙafa. A lungun da ya kai mu shagon Kawu, mai baro ɗaya ya tsaya gyara ɗaurin kaya, duk jama'ar da ke bayansa suka yi cirko-cirko har sai da ya ga dama.

Kawu tsohon soja ne. A bakin aiki ya koyi zana filin daga a kan yashi, yadda ake koya wa hafsoshi a Jaji, kuma da ya yi ritaya abin bai sake shi ba. A ƙuryar shagon ya shimfiɗa yashi a kan tebur, ya gina ganuwa da laka, tsayinta kamar taƙi ɗaya, ya bar mata ƙofa mai dogon zaure. Maharan sojojin roba ne na yara da ya saya a kasuwar Sabon Gari. Masu tsaron gari kuwa marafan kwalba. Da ɗan lido ake yanke wa kowane sara hukunci.

Ɗan yayata ya karɓi Turawa, ya kwaso mutum 30 ya dunƙule su a bakin ƙofa, inda marafai 6 ke jira. Ya ce a jefa masa lido sau talatin.

"Ɗana, zauren nan mutum nawa yake ci a jere?" in ji Kawu.

"Uku, Kawu."

"To sauran ashirin da bakwai kallon ƙeya suka zo yi."

Daga nan ya zayyana dokarsa. Wanda jikinsa ya taɓa na abokin gaba shi kaɗai ke sara. Na sahu na biyu, in mashi gare shi, yana ƙara wa na gabansa ɗaya a kan abin da lido ya bayar; mai bindiga a baya ba ya harbi, don ƙeyar ɗan'uwansa zai samu. Doki a cikin zaure ba shi da sukuwa, saboda haka ba shi da wani fifiko. Wadda ta fi burge ni ita ce ta ja da baya: wanda aka rinjaya dole ya matsa baya faɗin yatsu huɗu, in kuwa 'yan'uwansa sun toshe bayan, an cire shi daga tebur ke nan. Yaron bai yarda ba sai da ya gwada. Cikin zagaye huɗu ya rasa mutum 7, yawancinsu ba takobi ya ci su ba, cunkoson nasa ne. Kawu ya yi dariya ya ce dara ta ci gida.

Turawan da suka fara irin wannan wasa ma sun yi fama da wurin nan. A Farusiya, a 1824, Reisswitz ya gabatar wa hafsoshi nasa tsarin, ya sa alƙali a tsakani don abin da doka ba ta hango ba. H. G. Wells na Ingila, a littafinsa Little Wars na 1913, ya sauƙaƙa: in aka yi gaba da gaba ƙidaya ake yi, adadi ya zo ɗaya kowa ya mutu. A fili wannan ba laifi. A bakin ƙofar Kano kuwa shirme ne, domin maginan ganuwa, tun daga Sarki Gijimasu har faɗaɗawar Muhammadu Rumfa, don su kashe amfanin yawa suka ƙuntata ƙofofin.

Da muka fito sallar la'asar na tarar da dattawa biyu suna dara a gindin bango. Gurbi 30, 'ya'ya 24, wato gurbi 6 kacal ke sarari in an gama zubi. Wasan duka na matsatsi ne, kuma su kam kafin a soma sai da suka daidaita cewa jerin huɗu ba ya ci, sai uku. Ina ganin a nan Kawu ya fi su rauni: dokokinsa a kansa suke, yana fito da su ɗaya-ɗaya lokacin da ta taso, kuma ko da gaskiya ce, wanda aka ci zai ga kamar yanzu aka ƙirƙiro ta dominsa.

Bayan salla yaron ya canza dabara. Ya janye mutanensa, ya jawo igwa ya saita ta a kan ƙyaure. Abin da Morland ya yi ke nan ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sarkin Kano Alu yana can ƙasar Sakkwato: bai cusa sojoji cikin zaure ba, da igwa ya buɗe hanya ta Kabuga. Sai sabuwar gardama ta tashi, harbi nawa ƙyauren zai sha kafin ya faɗi. Kawu ya ce shida, yaron ya ce biyu. Ni na ce a rubuta a takarda tukuna, a manna a bango, sannan a jefa lido. Kawu ya aiki yaron shago ya sayo biro.