Littattafai biyar da ɗakin da ke kulle a gidan Kakata

1/ Wata huɗu ke nan ina fama da wani irin littafi: ƙaramin gari, wani ya ɓata ko an tsinci gawa, kowa ya san kowa, amma babu mai buɗe baki. Don nishaɗi kawai na shiga. Ƙarshe sai ga ni a kicin ina yi wa Umma tambayar da ba a yi a gidanmu. Zare ne, ku gyara zama 🧵

2/ Alkawari ɗaya tukuna: ba zan fasa muku ƙwai ba. Duk abin da zan faɗa yana bayan bangon littafin ko a babukan farko. Wanda ya zo ƙasan zaren nan ya faɗi ƙarshen wani labari kuwa, ni da shi Allah Ya isa 😂

3/ Da The Dry na fara, na Jane Harper, 2016. Aro na karɓa wurin wata ƙawata, har yau ban mayar ba. Garin sunansa Kiewarra, a Ostiraliya. Shekara biyu ba ruwan sama. Gonaki sun ƙone, dabbobi na mutuwa, bashi ya yi wa manoma katutu, zuciyar kowa a kusa take.

4/ Aaron Falk ɗan sanda ne a Melbourne, masu bin sawun kuɗi. Ya dawo garin jana'izar abokinsa na yarinta, Luke, wanda aka ce ya harbe matarsa da ɗansa sannan ya kashe kansa. Matsalar ita ce shekara 20 da suka wuce korar kare aka yi wa Falk da babansa daga garin, bayan an tsinci gawar wata yarinya a kogi.

5/ Akwai inda ya je duba kogin nan da suka yi wanka suna yara, ya tarar babu ko ɗigo, sai busasshen kwari. Na ajiye littafin na yi shiru. Duk wanda ya taɓa komawa garinsu ya tarar an sare bishiyar da yake kwatance da ita ya san wannan abin.

6/ Daga nan sai We Begin at the End na Chris Whitaker, 2020. Ku riƙe sunan nan: Duchess Day Radley. Shekararta 13, bakinta kamar reza. Uwarsu Star ta sha kanta da giya, don haka Duchess ce uwa, ita ce uba ga ƙaninta Robin. Ita ke shirya shi makaranta, ita ke tare masa faɗa.

7/ Garin Cape Haven ne, a gaɓar teku a Kalifoniya. An sako Vincent King bayan shekara 30 a gidan yari kan mutuwar ƙanwar Star. Shugaban 'yan sandan garin, Walk, amininsa ne, kuma shaidarsa ce ta kai shi can. Ka ga ƙaramin gari ke nan: mai kama ka shi ne wanda kuka ci tuwo a kwano ɗaya.

8/ Wannan littafin ya sa ni kuka a Keke Napep, wallahi. Mai keken har yana leƙe ta madubi yana cewa "Hajiya, lafiya dai?" Duk 'yar fari da ta goya ƙannenta tun ita ma tana buƙatar goyo, kar ta karanta shi a cikin mutane. Na gaya muku.

9/ Na uku: The Searcher na Tana French, 2020. Cal Hooper ya yi shekara 25 yana aikin ɗan sanda a Shikago, ya yi ritaya, aurensa ya mutu, ya sayi wani kangon gida a ƙauyen Ardnakelty da ke yammacin Ayalan don ya huta. Sai ga Trey, mai shekara 13, na son a nemo Brendan, babban wansu da ya ɓata.

10/ Littafin ba ya sauri, kar ku ce ban faɗa ba. Amma a nan na fi jin daɗi. Mutanen ƙauyen ba sa cewa "daina bincike". A'a. Za su ja ka hira, su ba ka abin sha, su yi maka ba'a, kowa na dariya. Sai ka dawo gida ka kwanta sannan ka gane ashe kashedi aka yi maka.

11/ Na ce wannan ai mutanen majalisar ƙofar gidan Kakata ne, hula kawai suka canza. Irin waɗanda za ka tambaye su abu su ce "ai ka san duniya", su miƙo maka goro. Zance ya mutu ke nan.

12/ Na huɗu: The God of the Woods na Liz Moore, 2024. Agustan 1975, an wayi gari gadon Barbara Van Laar babu kowa a sansanin hutun yara da ke dazukan Adirondack, jihar New York. Shekararta 13, kuma sansanin na iyayenta ne. Shekara 14 kafin nan, a 1961, yayanta Bear ma a dajin ya ɓata.

13/ Abin da ya kama ni a nan shi ne maganar kuɗi. Mutanen garin da ke kusa a hannun gidan Van Laar suke cin abinci: masu girki, masu gadi, masu shara. To wa zai nuna mai gidansa da yatsa? Bakin da ya ci shi ke kunya. Kuma idan ana neman wanda za a ɗora wa laifi, kun san inda ake fara dubawa.

14/ Wani zai ce namu fa? Akwai Lightseekers na Femi Kayode, 2021. An kashe ɗalibai uku a bainar jama'a a wani gari mai suna Okriki kusa da Fatakwal, uban ɗaya daga ciki ya ɗauko Philip Taiwo ya gano dalili. Ban saka shi a biyar ɗin ba don ya cancanci zarensa daban. Yana tafe.

15/ Zuwa nan na fara lura da wani abu. Ni da ke bugun ƙirji na iya canko mai laifi, sai na ga na daina damuwa da wane ne. A littattafan nan kusan kullum akwai wanda ya sani tun ranar farko. Tambayar da ke hana ni barci ita ce: me ya sa ya yi shiru, kuma wa ya biya kuɗin shirun?

16/ Kuma da wuya ka ga mugunta ce zalla. Uwa ce ke rufa wa ɗa asiri. Aboki ne ke riƙe alkawari. Gari ne ke gudun abin kunya. Kowa da hujjarsa mai kyau. Amma yaran da aka haifa daga baya su ke tashi a gidan da akwai abin da ba a taɓawa, ba su san mene ne ba, sai dai su riƙa kewaye shi.

17/ Sai na biyar, wanda ya jawo zaren nan: The Berry Pickers na Amanda Peters, 2023. Yulin 1962, wani iyali 'yan ƙabilar Mi'kmaq daga Nova Scotia a Kanada sun tsallaka jihar Maine ta Amurka ci-rani, suna tsinkar 'ya'yan itace a gonakin Turawa. Autarsu Ruthie, 'yar shekara 4, ta ɓata.

18/ Wanda ya yi mata ganin ƙarshe yayanta ne, Joe. Shekararsa 6. Ya bar ta zaune a kan wani dutse a bakin gona. 'Yan sanda ba su ɗauki abin da zafi ba, 'yar talakawa 'yan ci-rani ce. Joe ya girma, ya tsufa, amma wani ɓangare nasa bai taɓa barin gindin dutsen nan ba.

19/ Wannan ba littafin cankar mai laifi ba ne. Tun da wuri marubuciyar ke bari ka gane inda Ruthie take. Kai ka sani, su ba su sani ba, kana kallon shekaru na wucewa. Na gama shi ƙarfe biyu na dare da fitilar waya, an ɗauke wuta, zafi kamar me. Ban yi barci ba. Ɗakin gidan Kakata nake ta gani.

20/ A gidan Kakata, a wani ƙaramin gari da ba zan faɗi sunansa ba, akwai ɗaki ɗaya kusa da zaure da kullum yake kulle. An rushe na ƙasa duk an yi na bulo, ban da shi. Duk damina sai ta sa an yi masa yaɓe. Akwai kuma wata gona da ake ce wa "gonar Yaya". Ana nomawa, ba a sayarwa.

21/ Na san Umma na da wa, ɗan farin Kaka. Na san "ya tafi". Iyakar abin da na sani ke nan har na kai shekara 26. Kaka ba ta faɗin sunansa, na ɗauka alkunyar ɗan fari ce kawai. Sai a daren nan na lura ba ita kaɗai ba ce. Babu mai faɗin sunansa a duk dangi. Babu.

22/ Na yi kwana uku ina juya maganar. Ranar Asabar muna kicin, tana gyaran zogale, na ce, "Umma, wai Kawu na ɗakin zaure, ina ya tafi ne?" Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Wa ya aike ki?" Na ce ba kowa, wani littafi na karanta. Ta ce, "Ke da littattafan nan naki." Ta ci gaba da zogalenta.

23/ Na ɗauka shi ke nan. Sai bayan isha'i ta kira ni ɗakinta, ta ce in turo ƙofa. Ta ce kuɗin gyaɗar da Kakanmu ya sayar ne suka ɓata a gidan. Aka ce shi ne. Uban ya dake shi a ƙofar gida gaban mutane, saurayi mai shekara 19. Ya rantse, ba wanda ya saurare shi.

24/ Washegari da asuba Umma ta fito fitsari ta gan shi da ƙullin kaya. Shekararta 9. Ya durƙusa ya ce, "Kar ki gaya wa kowa sai an yi azahar." Ya ba ta 'yar ƙaramar rediyonsa. Ita kuwa ta riƙe alkawari. Kafin azahar motar kasuwa ta daɗe da tashi.

25/ "Da na yi magana da hantsi, da an cim masa a tasha." Haka ta ce min, idonta a kan tabarma. Matar da ta aurar da 'ya'ya, ta ga jikoki, har yau tana lissafin awannin wata safiya guda. Na ce, "Umma, ai yarinya ce ke." Ta ce, "Na sani." Amma yadda ta faɗa, sani daban, yarda daban.

26/ Na tambaye ta kuɗin fa. Ta ce bayan shekara biyu gaskiya ta fito, ba shi ba ne. Wani ne a cikin dangi. An nema har Legas da Ibadan, an tambayi direbobi da fatake, shiru. Kakanmu ya rasu bai sake ganin ɗansa ba. Da aka zo rabon gado aka ware masa kasonsa. Gonar Yaya ke nan.

27/ Na ce wane ne ya ɗauka? Ta ce, "Ya rasu. 'Ya'yansa kuma ba su ci ba, ba su sha ba." Ta ƙi faɗa. Abin da ya fi tsaya min: duk tsofaffin garin sun sani. Akwai yiwuwar na durƙusa na gaishe shi da Sallah, ya ba ni barka da Sallah, na sayi alawa.

28/ Gaskiya raina ya ɓaci. A littafi da yanzu na fara bin gida-gida da biro da takarda. Amma a littafi idan aka rufe shafin ƙarshe ba wanda zai haɗu da kowa a gidan biki wata mai zuwa. Nan kuwa 'ya'yan mutumin 'yan'uwana ne, wataƙila ma muna guruf ɗaya na WhatsApp muna tura wa juna Juma'a Mubarak.

29/ Sai na gane na yi saurin yanke wa mutanen Kiewarra da Ardnakelty hukunci. Daga kan gadona shirunsu ragwanta ne. Yanzu da aka miƙo min nawa kason shirun, na ji nauyinsa. Ban ce daidai ba ne. Har yanzu ina ganin an zalunci yaro ɗan shekara 19, kuma shirun ya ci Umma fiye da kowa.

30/ Akwai hotonsa guda ɗaya, baƙi da fari, a ƙasan akwatin Umma tare da rediyon. Na ce mu saka a Facebook, ana dacewa. In yana raye ya haura sittin, wataƙila da 'ya'ya masu waya a hannu kamar ni. Ta ce ba ita ke da wannan maganar ba. "Uwarsa na da rai. Ki je ki tambaye ta."

31/ Kaka ta tsufa sosai, ido ya yi rauni, amma hankali garau. Kishiya take ce min, kullum muna faɗan miji. Ban taɓa yi mata magana ba wasa a ciki ba. Ban san ta inda zan fara ba. Ina tsoron in tayar mata da abin da ta kwantar, ina kuma tsoron in jira har ya zama babu wanda zan tambaya.

32/ Shi ya sa babu suna, babu gari, babu hoto a zaren nan. Umma ta san zan rubuta, ta ce in dai haka ne ba komai. Ƙarshen wata zan je gida in sha Allah. Idan Kaka ta ce to, za ku ga hoton. Idan ta ce a'a, ba za ku sake jin maganar daga bakina ba.

33/ Masu tambayar da wanne za su fara: in kana son wanda ba ka iya ajiyewa, The Dry ko The God of the Woods. In kana da haƙuri, The Searcher. In kuka kake nema, We Begin at the End. The Berry Pickers kuwa, ka bari sai ranar da ba ka da aiki washegari.

34/ Ku ma ku jero min naku a ƙasa, musamman in akwai na Hausa irin wannan da ya wuce ni. Kuma ku saka Kawuna a addu'a, ko yana raye ko ya riga mu. Allah Ya haɗa kowa da nasa. Ƙawata mai The Dry, na ga saƙonki, gobe zan kawo miki 🙈