Littattafai Tara, Maki 43

A daminar bara na je gida Kausani hutun ƙarshen zangon karatu. Wata rana bayan la'asar muna zaune a zaure, sai ɗan yayana ya shigo da jakar bakko, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya zazzage abin da ke cikinta a kan tabarma. Manyan littattafan rubutu ne guda tara, kowanne cike fal daga bango zuwa bango. Rubutun da shuɗin biro, kanun darussa da ja, an ja layi da rula a ƙarƙashin kowace ma'ana. Ya ce, "Baffa, ka duba waɗannan, ka gaya mini inda na yi sakaci."

Yaron ya karanta ilimin akanta a jami'a, ya gama hidimar ƙasa, ya shiga jarrabawar Cibiyar Ƙwararrun Akantoci ta Najeriya, wato ICAN, wadda dokar majalisa ta kafa a 1965. Sau biyu yana zama takardar tsara rahoton kuɗi, sau biyu yana faɗuwa. Karon farko ya ci 41, na biyu 43, alhali 50 ake nema. Kuɗin rajista, da na jarrabawa, da na darasin ƙarshen mako a Kano, da na motar zuwa da dawowa a tafiyar kimanin kilomita arba'in, duk sun fito ne daga wani bijimi da mahaifinsa ya kora karar Wudil wata Juma'a. Yayan nawa kuwa ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa zai biya karo na uku, amma ba na huɗu ba.

Na ɗauki littafi ɗaya na buɗe inda ya yi bayanin raguwar darajar kadara, na karanta, na rufe, na ɗora gwiwata a kai. Na ce masa: kamfani ya sayi babbar mota a kan naira miliyan 12 ranar 1 ga Oktoba. Zai yi shekara biyar yana aiki da ita, sannan ya sayar a kan miliyan 2. Yana rufe lissafinsa ranar 31 ga Disamba. Nawa za a rubuta a matsayin raguwar darajarta a shekarar farko? Bai yi minti ɗaya ba ya ce miliyan 2. Amsar kuwa naira dubu 500 ce, domin wata uku kawai motar ta yi a hannun kamfanin. Na buɗe masa shafin. Ga shi nan da hannunsa, da jan biro, har da layi biyu a ƙasa: a lura da ranar da aka sayi kadara.

Ban yi masa dariya ba, don ni ma na sha wannan ruwan. A 2009 na zauna wata takarda ta matakin ƙarshe da littattafan da suka fi nasa kyau. Abokan karatuna har aro suke yi su kai fotokwafi. Biyu daga cikin masu aron sun ci, ni mai littafin na faɗi. Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, daga mai duba takarda har zuwa zazzaɓin da na yi a makon jarrabawa, kafin na yarda cewa wata shida na yi ina aikin magatakarda ina zaton karatu nake yi.

Tambayar da ɗalibai kan yi mini ke nan kowace shekara: shin ɗaukar not, kamar yadda suke kiransa, yana da amfani ga mai shirin irin wannan jarrabawa? Amsata ita ce, ya danganta da inda littafin karatun yake a lokacin da kake rubutun. In yana buɗe a gabanka, ido na ɗauka hannu na saukewa, to kusan babu abin da ya ratsa ta ƙwaƙwalwa. Mutum zai tashi da gajiya a yatsu da natsuwa a zuci, kuma natsuwar ce hatsarin, domin idan ya sake duba shafin zai ga komai sananne ne, sai ya ɗauka ya iya. Gane abu idan an gan shi daban, fito da shi daga ka babu abin dubawa daban. Jarrabawar ƙwararru na biyun take nema, cikin sa'o'i uku da 'yan mintoci, a kan lambobin da ba ka taɓa gani ba.

Masana halayyar koyo sun gwada wannan. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a wata jami'a da ke St. Louis ta Amurka, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, sai labari ya juye, masu rubutawa da ka suka wuce su. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, masu maimaitawar sun fi kowa amincewa cewa za su tuna. A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu guda goma. Ja wa rubutu layi, da maimaita karatu, har ma da taƙaita darasi, duk sun faɗa sahun masu ƙaramin amfani. Biyu ne suka fito a sahun gaba: gwada kai da tambayoyi, da rarraba karatu a kan kwanaki maimakon dunƙule shi dare ɗaya. Akwai kuma binciken Mueller da Oppenheimer na 2014 da ake yawan ambata, wanda ya nuna masu rubutu da hannu sun fi masu kwamfuta fahimta. Waɗanda suka sake gwajin daga baya ba su sami bambancin da ƙarfi haka ba, kuma ni a ganina gardamar biro da kwamfuta ɓata lokaci ce. Ɗan yayana da biro ya kwafe littattafai tara.

Sai dai ba sai mun je Amurka ba. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san cewa rubutun allo ba na ajiya ba ne. Za ka rubuta, ka biya, ka maimaita, sannan ka kifa allon ka kawo wa malam hadda. Sai ya gamsu ne zai ce ka je ka wanke. Wankewar nan ita ce shaidar cewa abin ya tashi daga katako ya koma ƙirji, sannan ga tishe yana biye don kada na baya ya zube. Malamanmu na zaure sun ɗauki rubutu a matsayin gada, mu kuma a boko muka mai da shi rumbu. Na taɓa tambayar wani aji ko akwai wanda zai yarda ya yaga not ɗinsa na makon jiya in ya tabbata ya iya darasin. Babu hannun da ya tashi.

A nan dole in karɓi rabon laifinmu, mu malaman jami'a. Da yawanmu shifta muke yi a aji, ɗalibi na rubutawa, ranar jarrabawa ya dawo mana da kalmominmu mu ba shi maki. Yaron da ya yi shekara huɗu a haka, ya fita da sakamako mai kyau, ba abin mamaki ba ne ya tunkari ICAN, ko jarrabawar ƙungiyar ANAN mai kwalejinta a Kwall ta Jihar Filato, da makamin da ya saba ci da shi. Babu wanda ya gaya masa fagen ya sauya.

Wani abin kuma da ya keɓanta da wannan fanni shi ne, not ɗin akanta yana tsufa da wuri. Littattafaina na 2009 an gina su ne a kan ƙa'idojin lissafi na cikin gida, kuma daga 2012 manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka koma ƙa'idojin duniya na IFRS. A cikin su kansu, IFRS 15 ta maye gurbin tsohuwar ƙa'idar kuɗin shiga a 2018, IFRS 16 ta sauya lissafin haya a 2019. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairun 2020, kuma a shekarar ce aka yi sabuwar dokar kamfanoni da ta maye gurbin ta 1990. A ɗaya daga cikin littattafan nan tara na tarar da kashi 5 zaune daram. Daga wani not da ke yawo a WhatsApp ya kwafo shi, wanda shi ma an kwafo shi daga na wani.

To, a daina rubutu ke nan? Ko kusa. Akanta da ba ya rubutu ba akanta ba ne. Luca Pacioli, wanda ya wallafa bayanin lissafi mai shiga biyu a birnin Banis a 1494, ya ce ɗan kasuwa yana buƙatar littattafai uku. Na farko shi ne inda ake zuba duk cinikin da ya faru yadda ya zo. Na biyu shi ne inda mai lissafi zai zauna ya yanke hukunci a kan kowane ciniki, wane asusu ya karɓa, wane ya bayar. Na uku shi ne leja. Ɗalibanmu a littafin farko suke tsayawa, inda babu hukunci, alhali makin yana cikin na biyu.

Abin da na sa yaron ya yi ba shi da yawa. Na ce ya ɗaure littattafan tara ya ba mahaifiyarsa ajiya. Ya sayi ƙarami guda ɗaya. Kullum bayan asuba ya ɗauki tsohuwar tambayar jarrabawa, ya sa agogo, ya amsa ba tare da ya buɗe komai ba, sannan ya gwada da amsar da cibiyar ta fitar. Abin da zai shiga ƙaramin littafin kuskurensa ne kawai, da dalilin kuskuren, a layi biyu ko uku. Na kuma ce ya rubuta dalilin da Hausa. Ya yi turus, ya ce, "Baffa, ai da Turanci za a tambaye ni." Na ce haka ne, amma Turancin littafi kana iya kwafe shi ba ka gane ba, Hausa kuwa sai ka gane za ta fito. Wanda ya iya gaya wa mahaifinsa, da harshen da ake cinikin shanu, dalilin da ya sa kayan da aka sayar bashi suke shiga kuɗin shiga tun kafin a biya, ya iya darasin.

Makonni biyun farko ya kira ni sau uku yana cewa abin ba ya tafiya, kullum faɗuwa yake yi a ɗaki, gara lokacin da yake kwafa yana ganin shafuka na ƙaruwa. Na ce faɗuwar ɗaki kyauta ce, ta zauren jarrabawa kuwa bijimi take ci. Da na koma gida a watan Oktoba na duba littafin. Shafi goma sha ɗaya kacal ya cika, rubutun duk a karkace, babu jan biro ko ɗaya. Kuskuren kwanan wata ya bayyana sau huɗu a shafukan farko, daga nan ban sake ganinsa ba. A wani wuri ya rubuta: "Na san ƙa'idar, ban karanta tambayar har ƙarshe ba." A wani kuma: "Na ɓata minti 50 a tambaya mai maki 15."

Ya zauna takardu biyu a watan Nuwamba. Ya ci ta rahoton kuɗi da 56. Ta haraji ya samu 47, kuma tun kafin sakamako ya fito ya gaya mini tambayar da ya bari babu amsa saboda lokaci ya ƙure masa. Yayana ya ce alƙawarinsa a kan takardar farko ya yi shi, don haka zai biya ta harajin sau ɗaya. Littattafan tara kuwa, da na tambayi mahaifiyarsa, ta ce biyu gara ta taɓa su a ƙarƙashin gado, sauran tana ƙunsa wa yara ƙuli-ƙuli da su.