Sheƙa, Gurbi da Kiranye: Littafin Wani Dattijo a Hayin Dogo

A Hayin Dogo da ke Samaru akwai wani dogon benci a gindin dalbejiya, inda dattawa shida ko bakwai kan zauna tsakanin La'asar da Magariba. Mutanen layin ba su san wurin da wani suna ba sai majalisa. Babbansu wani dattijo ne da ya yi shekara talatin da 'yan kai yana gyaran kurakurai a wata maɗaba'a a Zariya, aikin da ya bar masa raunin gani da ɗabi'ar bin kowane rubutu da alƙalami. Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999 yake da wata al'ada: duk sa'ad da aka rantsar da sabuwar Majalisar Tarayya, yakan sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya jera sunayen wakilan Jihar Kaduna, sanatoci 3 da 'yan Majalisar Wakilai 16, kowa da mazaɓarsa da jam'iyyarsa. Idan wani abu ya sauya kafin wa'adin shekara huɗu ya cika, sai ya ja layi, ya rubuta gyara a gefe.

Littafin Majalisa ta Goma ya buɗe shi ne ranar 13 ga Yuni, 2023, ranar da Tajuddeen Abbas, wakilin Zariya, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai da ƙuri'a 353. Amma layin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne na mazaɓarsa. Samaru tana cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, saboda haka malaman Jami'ar Ahmadu Bello, da 'yan tireda na kasuwar Sabon Gari, da manoman Bomo da Basawa, duk kujera ɗaya gare su cikin kujeru 360. A zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, kujerar ta fita daga hannun Garba Datti Muhammad na APC, wanda ya daɗe a kanta, ta koma hannun Sadiq Ango Abdullahi na PDP. Labarin sabon wakilin ba ɓoyayye ba ne: yana cikin fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace ranar 28 ga Maris, 2022, kuma yana hannun 'yan bindiga aka tsayar da shi takara, sai a watan Yuli aka sako shi.

Wannan zaɓe ne ya raba dattijon da amininsa na shekara arba'in, wani tela da ya tashi a Sabon Gari ya dawo Samaru da kekensa. Telan mutumin tsintsiya ne tun 2015. Dattijon kuwa ya dangwala wa lema, yana cewa shi mutum ya zaɓa, ba jam'iyya ba. Da aka zauna a majalisa bayan fitar sakamako, telan ya ce masa, "Malam, takardar da ka sa wa yatsa, ka ga sunan mutum a jikinta? Lema ka gani, lema ka zaɓa." Maganar gaskiya ce, domin takardar ƙuri'a a Nijeriya tambarin jam'iyya take ɗauke da shi, ba sunan ɗan takara ba. Wataƙila gaskiyar ce ta yi wa dattijon zafi, har ya mayar da abin da bai kamata ba a gaban jama'a: "Kai, Alhaji, ko a kututture aka ɗaura tsintsiya, zaɓensa za ka yi." Telan bai ce uffan ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, daga ranar ya koma zama a wata majalisar kusa da kasuwa. Suna gaisawa a masallaci, amma gaisuwar ba ta wuce hannu ba. A daminar 2024 telan ya kwanta kwana uku ya rasu. Dattijon ya bi sallar gawa a sahun baya.

A duk tsawon wannan lokaci littafin yana ta cika da gyare-gyare, har ya ƙara shafuka don sauran jihohi. Ya lura cewa ta ƙofa huɗu ake fita daga Majalisa ko a sauya matsayi a cikinta. Ta farko naɗi: Femi Gbajabiamila ya ajiye kujerarsa ya zama shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, David Umahi da Ibrahim Gaidam suka bar Majalisar Dattawa suka zama ministoci. Ta biyu kotu: a ƙarshen 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen 'yan PDP na Jihar Filato, Simon Lalong ya shiga Majalisar Dattawa. Ta uku ajali: Ekene Adams na Jam'iyyar Leba, wakilin Chikun da Kajuru, ya rasu a watan Yuli na 2024. Ta huɗu ita ce ta fi cinye tawada. Donatus Mathew na Kaura ya bar Leba ya koma APC a Disamba 2024. Amos Magaji na Zangon Kataf da Jaba ya bar PDP a Fabrairu 2025. Hussaini Jallo na Igabi ya biyo baya a Maris. A watan Mayu sanatocin Kebbi su uku suka tafi tare.

A watan Oktoba na 2025 jikarsa, wadda ke karatu a jami'a, ta same shi a zaure da wayarta a hannu. "Angona, ɗauko littafinka," in ji ta. "Yau gyaran a gidanku ya faɗo." Ta karanta masa cewa Kakakin Majalisa ya sanar da komawar wakilan Kaduna ta Kudu, da Ikara da Kubau, da Sabon Gari daga PDP zuwa APC. Ya ce, "Amarya, sake karanta mini kalmar da suka sa." Ta ce, "Sun sauya sheƙa."

Dattijon bai zargi kowa ba. Ya san PDP ta daɗe cikin rikicin shugabanci, ya kuma san hujjar da ake kawowa cewa wakilin da ke ɓangaren gwamnati ya fi samun hanyar jawo wa mazaɓarsa aiki. Ba kuma yau ya fara gani ba: a tsohon littafinsa akwai layin da ya ja ranar 24 ga Yuli, 2018, lokacin da Sanata Suleiman Hunkuyi na Kaduna ta Arewa, wadda Sabon Gari ke ciki, ya bar APC ya koma PDP. A wancan karon telan ne ya yi ta faɗa, shi yana dariya. Abin da ya hana shi barci wani lissafi ne dabam. In maganar telan ce daidai, ƙuri'a ta jam'iyya ce, to kujerar ta bar masu ita. In tasa ce daidai, ƙuri'a ta mutum ce, to babu abin da ya sauya. Ko ta wace fuska aka duba, mutumin da ya zaɓa yanzu yana jam'iyyar amininsa, kuma abin da suka ɓata dominsa ya watse tun wa'adi bai ƙare ba, alhali wanda za a ba haƙuri yana ƙasa.

Da yake mai gyara ne, sai ya koma kan kalmomin. Waɗanda aka bari sukan ce an ci amanarsu. Waɗanda aka koma wa sukan ce mutum ya dawo gida. Ɗan jarida, don kada a ce ya ɗauki ɓangare, sai ya ce an sauya sheƙa. Amma siffantawar ba ta tsaya a tsakiya ba kamar yadda ake zato. Tsuntsu shi yake saƙa sheƙarsa, tasa ce, kuma ba ya neman iznin kowa in zai bar ta. Damina ta kawo shi, rani ya kore shi. Wanda ya ce ɗan siyasa ya sauya sheƙa ya riga ya amince cewa al'amarin tsakanin mutum ne da masaukinsa, kuma ɗabi'a ce ba yanke shawara ba. A cikin hoton akwai tsuntsu, akwai sheƙa, amma babu mai itacen. Dubban mutanen da suka yi layi a rana daga Muciya zuwa Hanwa ba su da wurin tsayawa a cikin jimlar.

Ya auna wannan da kalmar wakili, wadda Hausa ta aro daga Larabci tare da nauyinta na fiƙihu. Shi kansa ya sha yin wakilcin ango, ya san ƙa'idar: wakili ba ya wuce abin da aka aike shi, ba ya karɓo auren wata ba wadda aka ambata masa ba, kuma wanda ya wakilta shi yana iya sauke shi kafin a shafa fatiha. Sunan zauren Majalisar Wakilai ne, amma a bakin jama'a da na rediyo mutumin ɗan majalisa ne, ƙira ɗaya da ɗan kasuwa da ɗan tasha. Kalma ta farko tana ɗaure shi da waɗanda suka aike shi. Ta biyu tana ɗaure shi da inda yake zama. Rinjayen ta biyu a kan ta farko ya faɗi abu mai yawa.

Doka a rubuce tana tare da ma'anar wakili. Sashe na 68(1)(g) na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi kafin wa'adi ya ƙare ya rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyar ta dare ko ta haɗe da wata. A watan Afrilu na 2015, a shari'ar Ifedayo Abegunde na Jihar Ondo, Kotun Ƙoli ta fayyace cewa darewar da ake nufi ita ce wadda ta shafi shugabancin jam'iyya na ƙasa, ba rigimar reshen jiha ba. Sai dai Abegunde ya bar Leba tun 2011, hukuncin ya zo saura makonni wa'adin ya cika. Kuma sashen ya ɗora aiwatarwa a kan shugaban zauren, wanda sau da yawa jam'iyyarsa ce ke karɓar baƙin. A ƙetaren iyaka, tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda sojoji suka dakatar a 2023, ya yanke maganar a gajarce: ɗan majalisar da ya fita daga jam'iyyarsa ya bar kujerar, wanda aka zaɓa tare da shi a matsayin madadi ya hau. A can masu Faransanci da ƙaurar makiyaya suke kwatanta abin, kwatancen da aƙalla yake tuna wa mai sauraro cewa ciyawa ake bi.

Saura kalmomi biyu. Zaɓen cike gurbi ya samo hotonsa daga gurbin kaza, da na shuka, da na dara, wato wurin da yake nan ko da abin da ke cikinsa ya tashi. Kalmar ta yi daidai da ruhin doka, cewa kujera ta mazaɓa ce, mai zama baƙo ne. Amma gurbin Chikun da Kajuru ya yi wata goma sha uku a buɗe, sai ranar 16 ga Agusta, 2025 aka cike shi, kuma ɗan takarar APC ne ya ci. Gurbin da ajali ya buɗe ana jinkirin cike shi. Wanda sauya jam'iyya ya buɗe kuwa ba a ma cika yarda cewa gurbi ba ne.

Ta ƙarshe ita ce ta sa dattijon murmushi, karo na farko a wannan mako. Sashe na 69 ya ba jama'a ikon janye wakilinsu, in fiye da rabin masu rajista a mazaɓar suka sa hannu, sannan aka yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Sunan da Hausa ta raɗa wa wannan shi ne kiranye, wato asirin nan da ake yi wa wanda ya yi nisan duniya ya manta gida, a kira sunansa cikin dare har ya kasa zama sai ya dawo. An gwada a kan Dino Melaye a 2018, an gwada a kan Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025, duka ba a kai ga gaci ba, kuma tun 1999 babu ɗan Majalisar Tarayya ko ɗaya da aka janye ta wannan hanya. Duk wanda ya fara zaɓo kalmar ya fahimci al'amarin sarai: ya ba mai tafiya fuka-fuki, ya bar wa masu gida tsibbu.

Abin da wannan ke nuna wa manazarcin Hausa shi ne, kalmomin siyasa da suka shigo ta rediyo da jarida ba fassara kaɗai ba ne. Kowace tana ɗauke da hukunci a kan wanda ke da iko da wanda ba shi da shi. Dattijon ya kwana biyu yana neman kalma guda da za ta kira mutumin da wakilinsa ya sauya jam'iyya ba tare da an tambaye shi ba. Ya gwada maraya, ya ga babu mutuwa. Ya gwada bazawara, ya ga ita aƙalla ana ba ta takarda. Ya tambayi jikarsa ko malamansu suna da ita, ta ce za ta tambaya. Har yanzu gurbin a buɗe yake.

A shafin ƙarshe na littafin akwai wani jeri da bai taɓa nuna wa kowa ba, na 'yan majalisar gindin dalbejiya. Cikin wa'adin nan guda, ɗaya ya koma garinsu bayan ritaya, ɗaya ciwon ƙafa ya tsare shi a gida, sababbi biyu sun shigo. A gaban sunan telan akwai layi biyu, na tashi da na rasuwa. A ƙarƙashin dalili, inda yakan rubuta naɗi ko kotu ko ajali, ya rubuta: kuskuren mai gyara. Ranar Juma'ar da ta biyo baya ya ɗauki yadin da ya daɗe a akwati ya kai shagon da ɗan marigayin ya gada, ya zauna ya fi sa'a guda ana awo ana hira. A hanyar dawowa ya tsaya a kasuwar Samaru ya sayi fensir da abin gogewa. Ya ce littafin 2027 da su zai rubuta jam'iyyu. Sunayen mazaɓu kaɗai zai sa wa tawada.