Abin da Na Gani a Bakin Karfasa

  

Ya ku ɗalibai da iyayen yara, a wannan fitowa ba darasin nahawu ko na fiƙihu na zo da shi ba. Labarin wani yini ne da na yi a bakin ruwa. Na tafi da niyyar nuna gwaninta, na dawo da kunya, amma kuma na dawo da ilmin da ban samu a aji ba.

Mu Daurawa dai ba mutanen kogi ba ne. Tarihinmu ma da rijiya ya fara, ga Kusugu nan kowa ya sani. Kifin da muka tashi muna gani yawancinsa busasshe ne da banda, wanda fatake ke kawowa daga nesa. Amma da aka gina madatsun ruwa irin su Daberam da ke kusa da mu, da Sabke ta ƙasar Mai'aduwa, sai ga ɗanyen kifi a kasuwanninmu, sai ga magidanta da yawa sun mai da su sana'a. A ajina ma akwai yaran da kuɗin littafinsu da na takalminsu daga cikin ruwan nan suke fitowa.

Mafarin zancen shi ne, wani ɗan'uwana ya dawo daga karatu a ƙasar waje, ya kawo mini tsarabar wani ɗan akwati. Da na buɗe sai na ga abubuwan mamaki: tana ta roba, ƙadangare na roba, da ɗan kifi na katako mai idanu kamar zai yi magana, kowanne da ƙugiya a jikinsa. Na ce, "Kai, wannan kayan wasan yara ne?" Ya yi dariya ya ce koto ne, da shi ake kama kifi a Amurka. Ya ɗauko wayarsa ya nuna mini yadda suke yi.

Kifin da suka fi so su kama da irin wannan koto suna ce masa bas. Ba mu da shi a ruwanmu. Yana da ƙaton baki, yana cin ƙananan kifaye da kwaɗi, a ɗabi'a ya ɗan yi kama da giwan ruwa, sai dai bai kai shi girma ba ko kusa. Wanda aka kama a Jojiya ta Amurka a shekarar 1932, wanda har yau ake ba da labarinsa, nauyinsa kamar kilo 10 ne, alhali giwan ruwa kan haura kilo 100.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne lokacin da suke farautarsa. Idan sanyinsu ya wuce, ruwan tafki ya fara ɗumi, ya kai kamar digiri 15 zuwa 18, sai namijin bas ya taso daga zurfi ya zo gefe inda ruwa bai da yawa. Sai ya share ƙasa da wutsiyarsa, ya yi ɗan gurbi kamar faifai. Mace ta zo ta zuba ƙwai ta yi gaba. Shi kuwa sai ya tsaya gadi, yana yi wa ƙwan fifita, ba ya cin abin kirki, har su ƙyanƙyashe su yi ɗan wayo. To, a nan dabarar masu fatsa take. Sai su sa wani tabarau mai kashe ƙyallin ruwa don su hango gurbin, su jefa ƙadangaren roba can bayansa, su dinga jawo shi a hankali har ya faɗa cikin gurbin, su bar shi yana ɗan motsi kamar mai cin ƙwai. Kifin ba yunwa ce ke sa shi ya cafka ba. Ɗauka yake ɓarawo ne ya shigo masa gida, sai ya kama shi da baki don ya fitar, sai ƙugiya ta kama shi.

A lokacin ban ga komai a ciki ba sai hikima. Na ce a raina, ai ni ma sai na gwada.

Ƙarshen bazara ne, ana ta duban gabas, ruwa bai sauka ba. Ranar Alhamis da ba karatu na hau babur da sassafe na nufi Daberam. Na tarar da wani dattijo masunci, wanda jikansa ke ajina, yana ɗinkin taru a gindin bishiya. Muka gaisa. Na buɗe akwatina da alfahari. Ya ɗauki ƙadangaren roba ya jujjuya, ya shinshina, ya ce, "Malam, kifin nan namu fa bai yi boko ba. Wannan sai ka kai wa na Turai."

Ban ji ba. Na yi ta jifa ina jawowa tun hantsi har rana ta take, ko taɓawa ba a yi ba. Sau biyu ƙugiya ta maƙale a kututture, ɗan kifin katako ma can na bar shi. Yara masu kiwo suka taru suna kallon malamin Islamiyya yana fama. Daga baya dattijon ya tausaya mini, ya kira ni inuwa. Ya ce kowane kifi da abin da ke jansa. Tarwaɗa da hanci da gashin baki take neman abinci, cikin dare ko a ruwa mai laka, don haka abu mai wari take so, kamar hanjin kaza ko ɗan guntun sabulu. Karfasa bakinta ƙarami ne, sai ƙaramar ƙugiya da tana ko gara ko ɗan curin dusa. Kayan da na zo da su kuwa na kifin da ke farauta da ido ne a ruwa garai-garai. Ashe shi ya sa.

Da la'asar ta kawo jiki na zaga wani lungu inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Sai na hangi wasu ramuka a ƙasan ruwan, zagayayyu kamar an kifa ƙwarya an ɗauke. A kan ɗaya daga ciki ga karfasa ta tsaya cak. Na matsa, ta ɗan ja baya ta dawo. Na sake matsawa, ta sake dawowa. Nan take na tuna da abin da na gani a waya. Na sa tana a ƙaramar ƙugiya, na sauke ta a hankali tsakiyar ramin. Wallahi ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga kifi yana wutsil-wutsil a hannuna. Na koma rami na biyu, haka. Kafin a jima na kama huɗu. Na taho da gudu kamar yaro ina cewa, "Baba, ka ga dabarar Turawa ta yi aiki!"

Dattijon ya dubi kifin, ya dube ni, bai yi murna ba. Ya ce, "A lungun can ka kamo su ko?" Na ce e. Ya ce, "Malam, ai ba dabara ka yi ba. Uwa ka tarar a kan 'ya'yanta. Wa ya taɓa ganin uwa ta gudu ta bar goyo?"

Muna cikin haka sai wani saurayi ya jefa birgi kusa da mu, ya jawo karfasa biyar ko shida. Dattijon ya zaɓi ɗaya wadda maƙogwaronta ya ɗan kumbura, ya ce in buɗe tafin hannuna. Ya matsa bakinta a hankali. Sai ga ƙwai masu ruwan ɗorawa, ƙanana kamar ƙwayar gero, suna zubowa a hannuna. Wasu har sun yi idanu, suna motsi. Subhanallahi! Na daɗe ina cin karfasa, ban taɓa sanin haka ba.

Ya yi mini bayani, daga baya kuma na bincika na tarar haka yake. Karfasa iri-iri ce. Akwai irin da uwa da uba ke tsayawa gadin ƙwai a rami, su ne waɗanda na kama. Akwai kuma irin da namiji ke haƙa rami, mace ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su duka a bakinta, ɗaruruwa, ta riƙe su mako guda zuwa biyu ba ta cin komai. Ko bayan sun fito, in suka ga abin tsoro, bakinta suke komawa. Wanda ya kama irin wannan uwa, kifi ɗaya zai kai gida, amma ɗaruruwa ya kashe.

Na koma lungun nan don in ga ramukan da na raba da masu su. Ƙananan kifaye sun cika su, suna ta tsince abin da ke ciki. Na tsaya jikina ya yi sanyi. Sai na tuna da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, na sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a halin tafiya, ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna rashin jin daɗinsa, ya umarce su su mayar mata. Sau nawa na karantar da wannan hadisi a aji? Ga shi ni da kaina na aikata irinsa, ina ta murna.

Kada wani ya fahimce ni ba daidai ba. Kifi halal ne, Allah Ya ambaci wannan ni'ima a Suratul Ma'ida da Suratun Nahli, kuma su sana'a ce mai daraja. Ba fatawa nake bayarwa ba cewa kifin da na kama haramun ne. Abin da nake cewa shi ne, kamun da ya fi sauƙi shi ne ya fi ɓarna, domin kifi ba ya tsayawa a kama shi sai lokacin da yake tsaron na baya. Manomi komai yunwa ba ya daka irin da ya ajiye don shuka. To, uwar kifi ita ce irin masunci.

Su kansu masu bas sun gane haka. Da yawansu in sun kama sai su cire ƙugiya su mayar da shi ruwa nan take, ko da yake an lura cewa ɗan lokacin da ya yi a waje ma ya isa wasu kifaye su yi wa gurbin ɓarna. Shi ya sa a wasu yankunan Ontariyo ta Kanada ba a buɗe kamun bas sai cikin watan Yuni, bayan ya gama renon ƙwai. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, me ya sa ake fito da manyan kifaye a cikinsa? Saboda ana hana su a Matan Fada har sai ranar ta zo, Sarkin Ruwa da mutanensa suna lura. Kakanninmu sun san a bar ruwa ya huta.

Amma fa maganar tana da wuya, ba zan ɓoye muku ba. Bayan kwana biyu na tarar da mahaifin wani ɗalibina yana jan gidan sauro a gefen ruwa, yana kwaso 'yan mitsi-mitsin kifi da ba su kai ɗan yatsa ba. Na ja shi gefe na yi masa magana a hankali. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, gaskiya ka faɗa. Amma rumbuna ya ƙare tun watan jiya, sabon hatsi kuwa sai kaka. In na bari, wani ne zai kwashe gobe. Me zan ce wa yara yau da dare?" Na rasa amsa. Ni mai ɗan albashi ne, na je ruwa don nishaɗi. Shi kuwa tuwon gidansa ne.

Abin da na gane a nan shi ne, wannan ba abu ne da mutum ɗaya zai iya shi kaɗai ba. In kowa na tsoron wani ya riga shi, to duka za a kwashe, baɗi kowa ya zauna. Sai an haɗu an yarda. Dattijon nan ya gaya mini da can da yatsu ake auna idon taru, wanda bai kai yatsa uku ba abin kunya ne a gan ka da shi. Ya ce shi da wasu abokan sana'arsa sun yi magana za su bar lungunan da kifi ke ƙwai tun daga ƙarshen bazara har ruwa ya zauna sosai, domin tarwaɗa ma da ruwan farko take haurawa cikin ciyawa ta zuba nata. Ba kowa ya yarda ba. Mahaifin ɗalibin nawa dai ya mayar da gidan sauron ɗaki inda ya dace da shi, aka taimaka masa da taru mai manyan idanu, yana biya kaɗan-kaɗan. Har yanzu wasu ranaku yakan dawo da abin da bai kai na da ba, kuma yakan gaya mini haka in mun haɗu.

Don haka ya ku ɗalibai, ga roƙona. In kun je bakin ruwa kuka ga kifi ya tsaya a kan rami bai gudu ba, ku bar shi, aiki yake yi. In kun kama karfasa kuka ga bakinta cike, ku mayar da ita da sauri. In kun ga mai zuba magimfa ko maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso, ku gaya wa manya, domin ruwan nan shi dabbobinmu ke sha, wasu ma mutane. Ku kuma iyaye mata, in aka kawo muku 'yan mitsi-mitsin kifi a faranti da araha, ku tuna daga inda aka kwaso su. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa na gida da bai samu dama ba.

Akwatin nan yana nan a ɗakina, ban sake fita da shi ba. Wani lokaci nakan kawo ƙadangaren roba aji in nuna wa yara, su yi ta dariya, sannan in ba su labarin abin da na gani a tafin hannuna.

Allah Ya sa albarka a ruwanmu da gonakinmu, Ya ba masunta halaliyarsu cikin sauƙi, Ya gafarta mana abin da muka ɓata da sani da wanda muka ɓata cikin rashin sani. Amin.