Sifilin da Na Ba Ɗalibata

Na yi shekaru ina koyar da Ingilishi a Damagaram, ina fassara "correct" da "right" duka da "daidai". Wata rana wata ɗaliba ta makara ranar jarrabawa, na ba ta sifili yadda doka ta tanada. Ashe mahaifiyarta ta raka asibiti tun da asuba.

A nan na gane bambancin. "Correct" shi ne abin da ya bi ƙa'ida, kamar amsar lissafi. "Right" yakan ɗauki wannan ma'anar, amma ya zarce zuwa adalci. Sifilina ya bi ƙa'ida, ya saɓa wa adalci. Na sake mata jarrabawar. Tun daga ranar, nakan tambayi dalili kafin in ɗauki jan alƙalami.